Shekarar da Na Tashi Laka Daga Barci

Bana bazara ta yi mana riƙon da ba na wasa ba a Katsina. Zafin da ake yi, in ka sa ɗanyen ƙwai a aljihu ka taso daga Ƙofar Kaura, kafin ka kai Gobarau sai dai ka nemi gishiri da yaji. Ni wannan bai dame ni ba, tunda Allah Ya hore mani tumbin da ke yi wa ƙafafuna inuwa. Abin da ya kayar mani da gaba wari ne.

Ranar Talata da la'asar muna zaune a majalisa, iska ta juyo daga ɗan guntun kududdufin da ya rage a bayan layinmu, wanda masu gina shaguna ba su ƙarasa cinyewa ba. Ashe ya ƙafe. Baƙar lakar gindinsa ta fito fili, ta aiko mana da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya toshe hanci ana tsaki. Ni kuwa, da ban daɗe da tashi daga kan kwanon shinkafa ba, sai na ji yunwa ta murɗa mani ciki. Yunwar shekara talatin da 'yan kai ce ta gane ni.

A shekarar da nake faɗi, Malam mahaifinmu ya rasu bayan kakar da ba ta yi kyau ba. Ya bar mani Inna, da ƙanne bakwai, da jaki ɗaya, da gonarmu ta gado a bayan ganuwa. Ni ne babba, Lawal, ina da shekara ashirin da takardar gama sakandare da bakin da ba ya mutuwa. Hatsin da ke ɗaki muka auna, muka sake aunawa, ko da dabara ba zai wuce tsakiyar damina ba. Abin nufi, in gonar nan ba ta ba mu ba a wannan shekara, babu inda za mu dosa.

Gonar kuwa jigawa ce, yashi ne fari tas, ta gaji da mu. Abin da ke riƙe da ita takin gida ne. Duk rani Malam yakan kwashe kashin awaki da toka da sharar tsakar gida, ya loda wa jaki a mangala, ya kai. To awakin an sayar da su ɗaya bayan ɗaya lokacin jinyarsa. Saura tsohuwar akuya guda, Kyalla, wadda mahauta suka duba suka ce ko kyauta ba sa so. Takinta na shekara bai fi a rufe tabarmar sallah ba. Takin zamani kuwa labarinsa kawai muke ji a rediyo.

Sai babban kududdufin unguwa ya ƙafe, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Shi ne inda ruwan unguwa duka ke taruwa, har da na marina da na majema, da duk abin da aka zubar tun zamanin kakanni. Na je kallo kamar kowa. Na dangwali lakar da yatsa: baƙa wuluk kamar kwalli, ga santsi kamar man shanu. Nan take ilimi ya motsa mani. Kowa ya san baƙar ƙasa ita ce arziki, ita masu fadama ke taƙama da ita. Ga baƙar ƙasa kyauta, ta fi ta kowa baƙi, mutane na wucewa suna toshe hanci. Na ce lallai mutanen garin nan barci suke yi.

Mutum ɗaya ne ya tare ni, Baba Ɗan'azumi, tsohon mai lambu, maƙwabcin gonarmu kuma aminin Malam. Ya same ni cikin rami da shebur, laka har gwiwa.

Ya ce, "Lawali, mi kake nema nan ciki? Kuɗinka suka faɗa?"

Na ce, "Taki nake ɗiba, Baba. Bana sai kun sa tsani kafin ku ga kan geron gonarmu."

Ya ce, "Ubanka ya shekara arba'in yana wuce ramin ga da jaki. Ka taɓa ganin ya ɗebi ko cikin cokali?"

"Ai bai taɓa ƙafewa ba a zamaninsa."

"Gefensa na ƙafewa kowace shekara. Lakar da ke wari barci take yi, ɗan nan. Abin da ruwa ya rufe, bar shi a rufe."

Na yi dariya na ce, "In barci take, Baba, yau ta samu ladan."

Ya kaɗa kai ya tafi. Wallahi har na ji tausayinsa, na ce tsufa ya zo wa bawan Allah.

Azumi ya faɗo a tsakiyar wannan bazara. Da an sallame asuba sai in ja jaki, mu yi sawu bakwai, takwas, kafin rana ta take. Wajen azahar harshena yakan koma kamar tsohon takalmi, in na haɗiyi yawu sai in ji ƙara. Ƙudaje suka ɗauke ni ubangida, duk inda na sa ƙafa suna biye kamar 'yan rakiyar ango. A masallaci sahu yakan buɗe mani da kansa, dama da hagu, har liman ya taɓa juyowa ya ce a duba ko wani abu ya mutu a cikin rufi. Da magariba mu sha ruwa da kunun tsamiya wanda kana iya hango fuskarka a cikinsa, Inna ta raba ɗan tuwo, ta ce ita ta ƙoshi. Kullum ta ƙoshi. Ban gane irin wannan ƙoshi ba sai daga baya.

Ban tsaya ga zubawa kawai ba, ai ni mai ilimi ne. Na baza lakar nan a gona, na farfasa ta da fartanya, ina juya ta tana shan rana da iska kamar mace na shanyar tsaba. Kwana kaɗan baƙin ya fara koɗewa, ya koma toka-toka. Daga nan wani ɓawo rawaya ya fito a kai, da jan tsatsa a gefe-gefe. Na ce wa ƙannena, "Kun gani? Har zinariya ta fara tsirowa." Fartanyata ta yi tsatsa cikin mako guda. Mangala ta ɓule a gindi. Kaushin ƙafata ya tsage yana zafi kamar an zuba barkono. Duk ban ji a jikina cewa magana ake yi mani ba.

Ana saura kwana uku sallah na faɗi. A can kusurwar gona ta gabas, inda ƙasa ta ɗan yi kwari a gindin wani gawo, na juye sawun ƙarshe, na ɗaga fartanya zan farfasa, sai na ga gawon ya zama uku. A kan jakin aka maido ni gida kamar buhu.

Ina kwance, matan da ke bi ta wajen suna zuwa itace suka kawo ƙara, wai warin tulin lakar da ke gindin gawo ya hana su wucewa. Inna ba ta son abin magana. Ta yafa mayafi, ta sa aka loda wa jaki ɗan abin da na raina na bari a bayan ɗaki: kashin Kyalla, ƙaiƙayi, ruɓaɓɓen karan dawa na tsohon danni, tokar murhu. Ta je da kanta ta rufe tulin nan ruf, ta tattake. Don wari kawai ta yi, ba don komi ba. Da na ji sai da na yi ƙorafi, na ce ta ɓata mani taki mai kyau da shara.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, sha kununka."

Bayan sallah da kwana tara aka yi ruwan shuka. Wanda bai yi bazarar Katsina da azumi ba bai san daɗin wannan ruwa ba. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe tabarmi, sai ƙamshin ƙasa. Yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Muka fita gidanmu kaf, ina sara, ƙanne na jefa iri suna takewa, har Ummi autarmu mai shekara biyar tana biye da ɗan gwangwaninta.

Abin da na fara lura da shi, ruwan da ya kwanta a kwarin kunya ja ne, kamar an wanke tsohuwar tukunyar ƙarfe. Kuma shiru. Gonakin maƙwabta kwaɗi na ta biki, tamu ko ɗaya. Daga baya na ga biyu a gefen ruwan, sun yi rigingine.

Gero ya tsiro, ya yi kwana huɗu yana kallon duniya, sai bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an gifta masa wuta. Na tumɓuke ɗaya, saiwar guntuwa, ta dunƙule kamar yatsan kuturu. Na ce iri ne ba shi da kyau. Muka sake shuka da abin da aka ɗebo daga na ci. Ya sake tsirowa, ya sake mutuwa. Gonar Baba Ɗan'azumi, taku goma tsakaninmu, kore shar har gwiwa. Tamu kamar kan mai sanƙo, sai ɗan tsiro a gindin gawo wanda ban ma kula shi ba.

Daga nan gidanmu ya koma cin ganye. Da safe tafasa, da rana rama, da dare zogale, an ɗan barbaɗa dusa don ciki ya ɗauka hatsi ne. Mun ci ganye har na fara jin in na ga akuya sai in yi mata sannu da aiki. Barkwancin da nake yi ke nan a tsakar gida don yara su yi dariya, su manta. Wata rana na yi, babu wanda ya yi dariya. Ummi tana kwance a jikin Inna, wuyanta ya zama kamar sillen kara, gashinta ya fara ja. Ta ce, "Yaya, yaushe geron da za a sa wa tsani zai fito?"

Na fita zaure na zauna. Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya mutu.

Abin da ya rage a gidan tiya ɗaya ce ta gero, Inna ta ɗaure a tsumma ta sa a tulu ta liƙe bakin. Ko a ci ta kwana biyu, ko a shuka ta a gonar da ta riga ta kashe shuka biyu. Ƙanena mai bi mani ya ce a yanka Kyalla a huta. Inna ta ce wanda ya taɓa akuyar nan ya taɓa ta. Sannan ta juyo wajena, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Kai wannan, tashi ka tahi wajen abokin ubanka. In zagi ne ka tsaya ka sha."

Na same shi a gonarsa yana noma. Na durƙusa, gaisuwar da na yi masa ta fi ta kullum tsawo, na tambayi gida, na tambayi gajiya, na tambayi ruwa, na rasa ta inda zan shiga.

Ya ce, "Ladan, ya aka ji da kiran sallah? Ta tashi?"

Na ce, "Ta tashi, Baba. Ta cinye mu."

Bai ƙara yi mani gori ba, Allah Ya jiƙansa. Ya ajiye fartanya ya biyo ni. A tsakiyar gonar ya tsuguna, ya ɗebi ɓawon nan rawaya ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya ce in ɗanɗana. Tsami ne mai ɗaure baki, kamar an jiƙa tsamiya da alam ɗin tace ruwa a cikin gwangwani mai tsatsa. Haƙorana suka mutu nan take.

Ya ce, "Abin da ka ba jaririn gero ya sha ke nan."

Sai ya miƙe yana dube-dube, ya hango gindin gawo. Ya ce, "Can fa? Wa ya yi aikin can?"

"Inna ce ta rufe da shara, don wari."

Muka je. Geron wajen bai kai na kowa ba, amma yana tsaye, kore. Baba ya sa hannu ya yaye sharar. Ƙarƙashinta laka na nan baƙa yadda na kawo ta, da sanyi, da danshi, ga tana na motsi a tsakanin ƙaiƙayi. Ya ɗanɗana, ya miƙo mani. Wari dai na nan, amma babu tsami.

Ya ce, "Ka gani? Laka ɗaya, rami ɗaya, jaki ɗaya. Waccan ka tone ta ka ba ta iska, ta farka da fushi. Wagga uwarka ta lulluɓe ta. Shara in tana ruɓewa ita ma iska take ci, ta tare ta tun daga sama, ba ta bari ta kai ƙasa. Ga ta da riƙe danshi. Toka kuma ta kashe ɗan tsamin da ya motsa. Uwarka ta fi ka karatu, Lawali."

Shekaru da yawa bayan haka ɗiyata Hauwa, da ta karanci kimiyyar ƙasa, ta ba ni sunan abin. Ta ce a irin lakar nan akwai wani haɗin ƙarfe da farar wuta da suke kira fairait. Muddin yana ƙarƙashin ruwa lafiya lau, da ya sha iska sai ya koma asid da tsatsa. Ta ce abin mamakin, ruɓaɓɓen abu ne ke haifar da shi a gindin kududdufi, ruɓaɓɓen abu ne kuma ke hana shi tashi in an rufe shi da shi da kauri. Na ce, "Hauwa'u, shekara huɗu kika yi kina koyon wannan? Ni a damina ɗaya na gama, har da aikin gwaji."

Amma a ranar ba dariya nake ba. Na ce, "Baba, yanzu mi za a yi? Tiya ɗaya ta rage."

Ya ce, "Gonar ga duka ba ta gyaruwa bana, cire ranka. Ka ja rami daga tsakiya zuwa bakin hanya, ruwan sama ya riƙa wanke tsamin yana fita. Sannan ka nemo toka da shara, duk inda suke. Iyakar inda suka rufe, iyakar inda za ka shuka. Taku ɗaya kada ka ƙara."

Toka. A garin da kowace mace ke tattalin tokarta don miya da wanke-wanke. Haka na ɗauki buhu na shiga gida-gida, ni da na ce a tanadi tsani. In yi sallama a zaure, a ce wane ne, in ce Lawal ne na gidan Malam, toka nake roƙo. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, na ga mai roƙon tuwo, na ga mai roƙon goro, yau ga mai roƙon toka." Ta juya, ta dawo da ƙwarya cike. Kafin kwana biyu labari ya zaga unguwa. Tasoshi suka riƙa shigowa gidanmu a kan yara, daga masu ƙosai, daga masu waina, daga gidajen da ban taɓa gaisawa da su ba. Mai gidan burodi ya ce in zo in kwashe ta tandarsa. Masu daka suka tara mani ƙaiƙayi. Na bi turakun unguwa da tsintsiya ina share kashin tumakin mutane, ina godiya kamar an ba ni riga. Sunan da na samu ke nan, Lawal Mai-toka, har yau wasu tsofaffi ba su san ni da wani ba.

Duk wannan fafutuka, abin da muka iya rufewa bai kai rubu'in gonar ba, daga gindin gawo zuwa ɗan gaba. Muka bar shi ya sha ruwa biyu. Ran da za a shuka, Inna ta fasa bakin tulu da kanta. Ta riƙe ƙullin nan ta daɗe, tana kallon Ummi. Sannan ta miƙo mani, ta ce, "Ungo. In ka san za ka yi mani ilimi a kansa, faɗa mani tun yanzu in dafa masu."

Na shuka da hannuna, ƙwaya ƙwaya, ina bismillah a kowane rami. Sai ruwa ya ɗauke.

Kwana goma sha ɗaya babu ɗigo. Kowace safiya in tafi gona da ciki wayam, in tsuguna in ƙirga tsiro, in duba bakin ganye ko ya fara ƙonewa. Kowace la'asar hadari ya taso, ya yi mana gwalo, ya wuce. Geron wasu ya fara nannaɗewa. Namu ƙarami ne, amma in na cusa yatsa ƙarƙashin sharar sai in ji sanyi. A gida an kai ga tafasa ganye da gishiri kawai. Ummi ta daina tambaya. Na fi son tambayar da shirun.

Ran na goma sha biyu da hantsi aka tsuge da ruwa ina tsakiyar gona. Ban nemi mafaka ba. Na tsaya ina kallon ramin da na ja yana kwashe jan ruwa zuwa hanya, a wajen shukata kuwa ruwan da ke kwanciya kalar ƙasa ne, irin na kowa. Can sai na ji kwaɗo ɗaya ya yi kuka a gindin gawo. Na sha jin mawaƙa a rayuwata, ban taɓa jin murya irin tasa ba.

Dami tara muka samu, a gonar da Malam ke ɗaure sittin. Bai kai mu wata kakar ba, sai da na yi dako a kasuwa rani guda, kuma sauran gonar ta shekara uku tana cin toka da shara kafin ta yafe mani. Amma ba mu rasa kowa ba.

Tun kafin girbi, ran da kan gero ya fara nuna, na karyo guda goma na kawo gida a yi tumu. Inna ta gasa a bakin murhu, ƙamshi ya cika gidan, yara sun kewaye ta ba mai ƙifta ido. Ta murje na farko a tafin hannu, ta hure, ta zuba wa Ummi a baki. Ta ɗauki na biyu. Na gyara zama, na miƙa hannu, don ai ni ne manomi.

Ta wuce ni. Ta nufi turke, ta tsuguna, ta miƙa wa Kyalla zangarniya guda sukutum.

Na ce, "Inna, akuya kafin ni?"

Ta ce, "Kai wannan, bari wadda ta yi noman bana ta fara ci."